Minti Goma a Ruwa Mai Zurfi

Sunana Hajara. Ni 'yar Yauri ce, kuma gidanmu Sarkawa ne, mahaifina da kakana duk a kan Kogin Kwara suka ci suka sha. Ban san ranar da na koyi iyo ba. Na dai buɗe ido na gan ni ina bin kwale-kwalen Baba a cikin ruwa, zanena ɗaure a ƙirji. Amma sai da na yi shekara huɗu a Amurka ban sa ƙafata cikin ruwan da ya wuce idon sawu ba.

Zangona na farko a Greensboro wani katafaren gida ne a unguwar Irving Park. Matar gidan 'yar ƙasarmu ce, ƙawar wata gwaggona, ita ta ɗauko ni da alkawarin za ta sa ni makarantar koyon aikin jinya. Ranar da na sauka ta karɓi fasfo ɗina ta ce za ta adana mini. Daga nan sai wanki da girki da rainon 'ya'yanta uku. Duk lokacin da na tambayi makaranta sai ta ce, "Hajara, kin cika gaggawa. Bari wata mai zuwa." Unguwar shiru take kamar an yi shara, ba ka ganin kowa a ƙasa sai mai jan kare. A bayan gidan akwai tafkin iyo, ruwansa shuɗi kamar an zuba shuni. Aikina ne kowace safiya in kwashe ganyen da ya faɗa ciki da wata raga mai dogon mariƙi. Shiga kuwa ba na 'yar aiki ba ne.

Allah Ya kawo mini mafita ranar Babbar Salla, da aka tafi da ni filin idi don in riƙe yara. Wata dattijuwa mai ƙiba da fara'a ta zauna kusa da ni, ta dube ni sama da ƙasa ta ce, "Kai yaron wanene?"

Na waiga in ga yaron da take nufi. Ashe da ni take. Sunanta Hajiya Fati, 'yar zangon Kumasi ce, kuma Hausarsu ta Gana ba ta raba mace da namiji. Ta tambaye ni lambar wayata, na ce ba ni da waya. Ta tambayi inda nake karatu, sai kawai hawaye ya zubo mini.

"Ei!" ta ce. "Ya isa. Kar ka yi kuka a nan, suna kallo. Faɗa mini lambar gidan kawai."

Bayan kwana goma ta zo da tsohuwar motarta, ta tsaya a ƙofar gidan nan ta harɗe hannu, ta ce ba inda za ta sai an miƙo mini fasfo ɗina. Matar gidan ta yi barazana, ta yi zagi, ta ce ni butulu ce. Hajiya ta ce ita dai tana jira, kuma wayarta na hannunta, kiran 'yan sanda ba wuya. Aka jefo fasfo ɗin daga saman bene.

Zango na biyu shi ne ɗakin Hajiya a wani rukunin gidajen haya kusa da titin Wendover, inda motoci ba sa ɗaukewa. Tana dafa wake da shinkafa irin na Gana, wanda suke kira waakye, tana kai wa ma'aikatan sito-sito. Na zama mai yanka mata albasa. Masallaci ya haɗa ni da wata lauya, ta yi ta fafutuka har aka ba ni takardar izinin aiki, amma ta gargaɗe ni kada in bar ƙasar sai an gama shari'ata, in ba haka ba babu dawowa. Mahaifiyata ta rasu tun ina ƙarama, Baba kaɗai ya rage mini. Kowace Juma'a nakan kira shi. Ba ya tambayata yaushe zan dawo. Sai dai ya ce, "Ruwa ya ƙaru bana, ɗiyata," ko "Giwan ruwa ya yi wuya," ni kuma in gane abin da yake nufi.

Aikin da na samu na shara ne a wani gidan motsa jiki da ke gabashin gari, kusa da jami'a. Ina shiga da asuba in goge ƙarafa da madubai da gefen tafkin iyonsu. A wannan lokacin ba a ajiye mai tsaron ruwa, akwai dai allo da aka rubuta cewa kowa ya kula da kansa.

A nan na fara ganinta. Baƙar fata ce doguwa, jikinta a murɗe kamar na 'yan tsere. Takan yi gudu a kan inji na kusan awa guda, ta ɗaga ƙarafan da maza ke nishi a kansu, a hannunta kuma kullum akwai ƙwallon roba tana matsawa. Amma in ta zo tafki sai ta zama wata daban. Takan shiga wurin da ruwa ke iya ƙugu, ta kama bakin tafkin da hannu biyu, ta tsaya. Ta yi minti ashirin a haka, ta fito, ta tafi. Mako uku ina kallonta.

Wata Talata na ga ta wuce wurin da ta saba, ta bi ta gefe har ƙarshen da ke da zurfi, ta sauka ta tsani. Ina goge tayil nesa kaɗan. Ta saki tsanin. Wanda bai tashi a bakin kogi ba yana zaton mai nutsewa ihu yake yi. Ba ya yi. Kanta ya leƙo sau ɗaya, bakinta a buɗe, hannuwanta na danna ruwa kamar mai son hawa katanga, sannan ta yi ƙasa.

Ban san lokacin da na yar da tsumman ba. Na faɗa da rigar aikina da hijabina da takalmina. Na zagaya ta bayanta kamar yadda Baba ya koya mana, don mai nutsewa in ya kama ka ta gaba tare za ku tafi. Na tallafo haɓarta na ja ta zuwa gefe. Ta yi ta tari tana amayar da ruwa. Ni kuwa na kasa fita. Ruwan na warin magani, ba laka, ba kifi, amma ya ɗauke ni kamar ya san ni. Na kifa goshina a bakin tafkin na yi ta kuka, har ita da ta kusa mutuwa ta dawo tana lallashina.

Manajan wurin ya ga komai a kyamara. Ya kira ni ofis ina ɗigar ruwa, ya ce doka ta hana ma'aikatan shara shiga tafki, kuma dole ya rubuta rahoto. Na tuna lauyata ta sha gaya mini in guji duk abin da zai ɓata mini takarda. Sai ga matar ta turo ƙofa, tawul a wuyanta.

"Ka rubuta," ta ce masa da Turanci. "Amma ka fara da cewa ba ka da mai tsaron ruwa, kuma wannan matar ce ta hana a fitar da gawata daga wurinka."

Ya daɗe yana kallon biron hannunsa. Mutumin kirki ne, tsoro ne kawai ya kama shi. Daga ƙarshe ya ce babu rahoto. Ya ƙara da cewa ranar hutuna, in wata mamba ta shigo da ni a matsayin baƙuwarta, wannan ba ruwansa.

Sunanta Denise, malamar injiniyanci ce a jami'a, amma ni Dakta nake ce mata har yau. Ranar ta kai ni gida a motarta. A hanya na tambaye ta da guntun Turancina me ya kai ta zurfi alhali ba ta iya ba.

"Ina neman aikin 'yan sama-jannati," ta ce.

Na ɗauka ban ji daidai ba. Ta nuna sama da yatsa. Ta ce ta aika takardunta ga hukumar sararin samaniya ta ƙasar, kuma duk abin da ake nema tana da shi, karatu da lafiya da ƙarfi, har tuƙin ƙaramin jirgin sama ta koya. Abu ɗaya ya rage. Duk wanda aka ɗauka, a farkon horo sai ya ci jarrabawar ruwa. Zai yi iyo tsawon tafki sau uku ba tsayawa, ya sake yi sanye da rigar matuƙa jirgi da takalmi, sannan ya tsaya a ruwa mai zurfi minti goma da kayan a jikinsa, ƙafarsa ba ta taɓa ƙasa ba.

"Sama za ku je ko kogi?" na ce.

Ta yi dariya har ta sake tari. Ta ce kumbon da ke dawo da su sau da yawa a teku yake sauka. Kuma akwai wani ƙaton tafki a Texas da aka nutsar da kwaikwayon tashar sararin samaniya a cikinsa, a nan suke koyon gyare-gyare, don a cikin ruwa ne jiki ya fi kusa da rashin nauyin da ake ji a can sama. Sai ta dube ni ta ce, "Da kaya kika yi iyo ɗazu. Da takalmi."

"Mu a garinmu ai da kaya muke yi," na ce. Kafin mu isa gida mun shirya zan riƙa koya mata duk Lahadi, ranar hutuna.

Hajiya Fati ta ɗinka mini doguwar riga da wando na yadi mara shan ruwa, tana ɗinki tana mita. "Mutum yana da aiki mai kyau, yana da mota, ya ce sai ya tafi sama. Me ya ajiye a can?" Amma ranar Lahadin farko sai da ta cika kula da waakye ta ce in kai wa Dakta, wai mai iyo yunwa yake ji.

Wata biyu na farko ba mu yi iyo ba sam. Kwanciya kawai nake koya mata. In sa tafin hannuna a ƙarƙashin bayanta in ce ta kwanta rigingine, ta bar kunnuwanta su shiga ruwa. Da zarar ruwa ya taɓa kunnenta sai jikinta ya sandare kamar itace. Mace ce da ta saba cin nasara da ƙarfi, ni kuma ina gaya mata ta daina ƙoƙari. Wata rana ta fusata ta doki ruwa da hannu.

"Na iya lissafin abin da ke sa jiki ya taso a ruwa! Ina koyar da shi!"

"To ki gaya wa wuyanki," na ce. "Shi bai je jami'a ba."

A ranar, muna zaune a gefe muna cin waakye a ɓoye, ta ba ni labarin gidansu. A zamanin kakarta ba a barin baƙar fata su shiga tafkunan gari, don haka ba wanda ya koya. Wan mahaifiyarta ya nutse a wani tafki na bayan gari yana saurayi, a gaban idon ƙanwarsa. Tun daga nan mahaifiyarta ko baho ba ta bari a cika. Ta ce da wannan tsoron aka shayar da ita. Na ƙara mata ƙwai a kan abincinta.

Ita ma ta koya mini nata. Duk Lahadi in mun gaji sai in ce, "Dakta, ba ni labarin mutanenki." Ta gaya mini akwai injin da ke juya mutum da gudu har ya ji kamar an ɗora masa buhunan shinkafa a ƙirji, kuma dole a haka ya riƙa karanta allo yana amsa tambaya. Akwai jirgin da ke hawa sama ya sako kansa ƙasa, na ciki su yi ta yawo a iska na ɗan lokacin da bai kai rabin minti ba, ya sake hawa ya sake sakowa har mutane su yi ta amai. Ƙwallon da take matsawa kuwa saboda safar hannun rigar da suke sawa in za su fita wajen tashar ne. Iska ce cike a cikinta, duk lanƙwasa yatsa kokawa ce, kuma mutum zai yi awa shida yana ɗaure ƙusoshi da ita, wasu har farcensu ke fita. A can sama kuma kullum sai sun yi wajen awa biyu suna motsa jiki, in ba haka ba ƙashi ya yi laushi, su dawo ƙasa su kasa tsayuwa. Da yamma tana zuwa ajin Rashanci, don tashar ba ta ƙasa ɗaya ba ce. Har jeji ake kai su a bar su da ɗan guzuri, a ga wanda zai iya zama da mutane cikin yunwa da sanyi bai yi faɗa ba.

"Wannan na ƙarshen ni ma zan ci," na ce mata.

Ranar da ta fara kwanciya a kan ruwa ban gaya mata na janye hannuna ba. Na ja baya taku biyu na tsaya. Idonta a rufe, tana numfashi a hankali. Da ta buɗe ido ta hango ni can nesa, sai ta nutse ta sha ruwa, ta taso tana zagina tana dariya.

Daga nan abin ya yi sauri, don ƙarfi ba shi ne matsalarta ba. Kafin sanyi ya shigo tana gama tsawon tafki uku. Sai ta sayo rigar makanikai mai haɗe da wando, wadda ta yi kama da ta matuƙa jirgi, ta sa tsofaffin takalmanta na gudu. A nan ne ilimin Yauri ya yi amfani. Na nuna mata cewa tufa ba ta jan mutum ƙasa in bai yi fizge-fizge ba, a hankali ake tafiya da ita, hannu na shara a ƙarƙashin ruwa, ba a ɗaga shi sama. Iyon ta iya. Tsayuwar minti goma ce ta gagara. Ta kai huɗu, ta kai shida, sai tsoron ya taso mata daga ciki ta kamo bakin tafki.

Ana haka aka kira ta ganawar farko a Texas. Lahadin ƙarshe kafin tafiyarta ta ce yau ko ta yi ko ta haƙura. Hajiya Fati ta biyo ni, wai tana son ganin mai zuwa sama da idonta. Aka ba ta waya ta riƙe agogo, ta zauna a kujerar roba da mayafinta. Na shiga zurfin tare da Dakta, muna fuskantar juna, tazarar hannu biyu tsakaninmu.

Minti biyar na farko lafiya. A na bakwai na ga haɓarta ta fara ɗagawa, numfashinta ya gajarce, idonta ya koma kan bakin tafki.

"Dakta, dube ni," na ce. "Ƙirga mini da Rashanci."

Ta fara ƙirgawa. Ta kai goma.

"Yanzu da Hausa. Ɗaya."

"Daya."

"Ba daya ba. Ɗaya. Biyu."

Muka yi ta yi. Ta kasa faɗin huɗu, ta kasa faɗin takwas, Hajiya na gyara mata daga kujera da Hausar da ita ma a Yauri dariya za a yi mata. Dakta na haki tana dariya, takalmanta na tuƙa ruwa a ƙasa. Muna zagaye na uku Hajiya ta miƙe tsaye, wayar a sama.

"Ya cika! Wallahi ya cika, har ya wuce!"

Dakta ba ta kama bakin tafkin ba. Ni ta kamo, ta gaba, yadda aka hana. Muka nutse tare muka taso tare.

Ta je Texas ta yi mako guda, aka auna ta ciki da waje. Muka yi wata da watanni muna jira. Hajiya har sadakar ƙosai ta yi a masallaci. Sai wata Lahadi na iske ta a bakin tafki ta riga ni zuwa, ƙafafunta a ruwa. Tun daga yadda ta zauna na gane.

"Ba su ɗauke ni ba," ta ce.

Na zauna kusa da ita. Na ce Allah Ya sa haka ya fi alheri, na fassara mata iya yadda zan iya. Ta ce za ta sake nema in an buɗe, ko da yake shekaru na tafiya. Ta share ido ta ce, "Tashi mu shiga. Ban zo nan don in zauna ba." Muka yi iyo har hannuwanmu suka yi yaushi.

Ita ce ta matsa mini na yi kwas na samu takardar koyar da iyo. Yanzu ranar Lahadi da safe mata tara nake koya wa, 'yan Gana da 'yan Najeriya da maƙwabtan Dakta biyu. Shari'ata kuwa har yanzu ba a gama ba.

Wata rana bayan magariba Dakta ta fito da ni da Hajiya filin ajiye motoci na gidanmu, ta ce mu dubi yamma. Sai ga wani haske kamar tauraro, ba ya ƙyaftawa, yana tafiya a natse ya ratsa saman Wendover. Ta ce tashar ke nan, kuma a daidai wannan lokacin akwai mutane a ciki. Na tambaye ta ko tana bi ta saman Yauri. Ta duba wayarta ta daɗe, sannan ta rubuta mini rana da lokaci a takarda.

Ranar ta faɗo Alhamis. A nan rana ce tsaka, ina wurin aiki, a can an idar da magariba. Na shiga ɗakin ajiye tsintsiya na kira Baba. Ya tsorata da ya ji ni ba ranar Juma'a ba. Na ce lafiya lau, ya fita bakin ruwa kawai ya dubi sama ta wajen arewa. Ina jin takunsa, ina jin kwaɗi, ina jin ruwa na dukan cikin kwale-kwale. Na rufe ido.

"Ban ga komi ba, ɗiyata."

"Ka ɗan jira, Baba."

Can sai ya yi wata 'yar dariya.

"Wanga tauraro mai tafiya? Ai mun daɗe muna ganin shi in mun fita su."

"Baba, ba tauraro ba ne. Gida ne. Akwai mutane a ciki."

"Mi kika ce? Mutane?"

"Mutane kamar mu. Ƙawata ma ta so zuwa, ni na koya mata iyo."

Bai tambaye ni abin da ya haɗa iyo da sama ba. Na san yana bin hasken da ido har ya ɓace masa a bayan tsibiri.

"Sun yi nisa da gida," ya ce. "Allah Shi sauke su lafiya, Shi maida kowa ga iyayenshi."

Na ce amin. Na kashe wayar, na ɗauki bokitina na fita.